Ƙaguwa a Gidan Goggo Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Ban ji na can baya ba. A zamaninmu in aka buɗe tatsuniya, amsar har gidan maƙwabta take kaiwa. A sake.

Ta zo mu ji ta!

Yauwa. A gyara zama, kuma kada a katse ni.

An yi wani dattijo a Gusau, Malam Barau, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aikin jirgin ruwa a Ikko. Da ƙarfi ya ja baya ya dawo gida, sai kewar teku ta hana shi sakat. Ya sa aka haɗa masa akwatin gilashi a zaure, ya shimfiɗa farin yashi, ya jera duwatsu, ya dama gishirin teku da ruwa, ya zuba kifaye masu launi. Da la'asar sai ya jawo kujera ya yi ta kallonsu.

Kifi akwai kyau, amma akwai ɓata wuri. Saboda haka Malam ya kawo 'yan shara. Akwai wasu ƙananan dodon koɗi, baƙaƙe masu ratsin rawaya kamar ƙudan zuma, ana ce musu 'yan ratsi. Su ke shiga cikin yashi su farauto tsutsa, su ke kwashe ragowar nama kafin ya ruɓe ya ɓata ruwa. Akwai kuma ƙaguwoyi, irin waɗanda aka halitta da tattausan baya, sai sun sami ƙwanson da ba kowa su shiga su mai da shi gida. Su aikinsu kankare gansakuka, kuma ita ce abincinsu.

Babbar cikinsu ita ce Ƙaguwa, mai faffaɗan gida fari tas. Da shi aka ɗauko ta daga bakin teku, kuma duk duniya ba ta da abin da ya rage mata na can sai shi. In ta shige can ciki ta lafe, takan ji kamar igiyar ruwa na kaɗawa. Ƙaguwa na son gidan nan kamar ranta. Abin da ta fi so bayansa shi ne abin da ba a ba ta ba.

Kowace Juma'a, in Malam ya dawo daga masallaci, sai ya soke jatan lande a dogon tsinke ya ajiye wa 'yan ratsi a gindin babban dutse. Ƙamshin ya cika ruwa. Ƙaguwa ta dubi gansakukarta ta yi tsaki.

"Gansakuka da safe, gansakuka da rana," in ji ta. "Ni da na ci kan kifi a bakin teku!"

Ana nan sai Goggo Tabawa, tsohuwar da ta girmi duk 'yan ratsi, ta riga mu gidan gaskiya. Ƙwansonta ya rage a bayan dutse, ba kowa ciki. Ƙaguwa ta je gaisuwa, ta share hawaye da ƙafa ɗaya, ta auna ƙofar ƙwanson da ɗayar. Ta ce a ranta, babba ai shi ke fara sa hannu a abinci.

Ranar Juma'a da hantsi ta ɓoye farin gidanta a wani lungu, ta cusa kanta cikin na Goggo. Ta matsa, ta murɗa, ta naɗe ƙafafu har numfashi na neman gagararta. Sannan ta mirgino gaban 'yan ratsi tana nishi.

"Salamu alaikum, 'ya'yana."

Baba Nomau, wanda ke bin Goggo a shekaru, ya miƙo ƙahonninsa a hankali. "Goggo? Ai mun yi zaman makokinki."

"Doguwar suma ce, Nomau. Ku yaran zamani akwai gaggawar binne mutum."

"Muryarki ta yi kauri."

"Yashi na shaƙa."

"Kuma kin cika ƙwanson dam."

"Kumburin jinya ne. Kai likita ne? Tambayar ta isa haka."

Nomau ya janye ƙahonninsa. Can sai ga tsinken Malam ya sauko da jatan lande. 'Yan ratsi suka jeru, babba na bin babba, suka sa Ƙaguwa a gaba. Ta yunƙura za ta zabura.

"Sannu dai, Goggo," in ji Nomau. "Ko sumar ta mantar da ke al'ada? Ba a wuce dutse sai babba ya faɗa wa yara labarin gida. Rabinsu ba su san teku ba, a hannun 'yan kasuwa suka yi wayo."

Ƙaguwa ta haɗiye miyau. Suka ja ciki, suka ja ciki, suka iso dutsen farko. Ba ta san labaran Goggo ba, sai ta ɗauko nata.

"A gida," in ji ta, "ruwa tafiya yake yi ya dawo. Da safe ya janye ya bar mana yashi mai ɗumi, da yamma ya dawo da tsaraba."

"Tsarabar me, Goggo?" in ji ƙananan.

"Duk abin da baki ke so. Mu je."

Suka ja ciki, suka ja ciki, suka iso dutse na gaba.

"A gida ba bango. Ka yi ta tafiya har ƙafa... har ciki ya gaji, ba ka bugi gilashi ba. Hasken sama kuwa ba mai kashe shi da ɗan yatsa."

Ta yi niyyar tsayawa nan, sai bakinta ya ƙi. Ta ba su labarin kumfar da ke fashewa a kan duwatsu, da inuwar kwalekwalen masunta in ta gifta ta sama, da ramin da uwarta ke ɓoye su in tsuntsaye sun sauko. Ƙananan suka ƙara matsowa kusa. Ita kanta sai da ta ɗan manta da jatan landen.

Da suka iso gindin babban dutse, ta miƙa baki.

"Haba Goggo," in ji Nomau. "Yau kuma? Auta ke farawa. Babba sai kowa ya ƙoshi, in an rage ya lasa."

Auta ya ci. Mai bi masa ya ci. Jatan lande na raguwa, Ƙaguwa na kallo. Aka ci wuya, aka ci gadon baya, aka doshi wutsiya. Nan haƙuri ya ƙare. Ƙafafu suka fito ta ko'ina, ta fizge abin da ya rage ta zura a guje.

"La ilaha! Goggo ta yi ƙafafu!" in ji Auta. "Baba, mu bi ta!"

"Za mu bi ta," in ji Nomau. "A jeru."

Ƙaguwa ta cinye naman a bayan dutse, ciki ya ɗaure, ƙwanson ya ƙara matse ta. Ta nufi lungun da ta ɓoye gidanta, ta tarar wayam. Ashe 'yan uwanta sun gano shi, sun yi abin da ƙaguwoyi ke yi tun kaka da kakanni: sun jeru daga babba zuwa ƙarami, ta gaba ta shiga gidan da ba kowa, mai bi mata ta shiga nata, haka har kan na ƙarshe. Ga ƙanwarta Delu zaune cikin farin gida tana miƙa.

"Delu, fito mini daga gida."

"Gidan wa, Yaya? Gidan da ba kowa na wanda ya yi wa daidai ne. Ke kika koya mini."

Rabin bayan Ƙaguwa a waje yake, ga wani kifi mai tsinin baki ya fara kewaya ta yana leƙe. Ta ga in ta yi wasa, gida da rai za su tafi tare. Sai ta yi gyatsa, ta kaɗa ruwan wajen Delu.

"Riƙe abinki. Dama sallama na zo yi. Mai wannan riga mai ratsi, jatan lande ake kai masa har baki."

Delu ta shinshina. "Kowace Juma'a?"

"Kuma a gaban sahu. Ni dai ta yi mini kaɗan, maƙwabciyarmu Auwa zan ba."

"Auwa? Ina ƙanwarki uwa ɗaya uba ɗaya?"

Kafin kifin ya juyo, Delu ta fito, Ƙaguwa ta yi wuf ta faɗa gidanta ta toshe ƙofa. Delu ta gwada rigar Goggo, ta ji ba ta shiga, ta koma tana rabon faɗa da sauran a kan tsohon gidanta.

Ƙaguwa ta yi kwanaki tana dariya. Ta ma manta da zancen. Wata safiya ta farka ta ji gidanta ya yi nauyi. Ta leƙo, sai ga 'yan ratsi sun hau shi sun zauna, Baba Nomau a bakin ƙofa.

"Mun iso," in ji shi. "Ƙaguwa, mu masu cin nama ne, kuma mun ga irin bayanki. Ba ma sauri, amma kin ga muna zuwa."

"Baba, tuba nake! Sharrin yunwa ne."

"Tun daga sallamarki na gane ki. Na ƙyale ki ne don ban iya labari ba, Goggo kuwa ta tafi da nata. Yaran nan tun ranar suke tambayata ruwan da ke tafiya ya dawo. Zaɓi: ko ki riƙa jan sahu kowace Juma'a, ko mu shigo."

"In na ja sahun, ta nawa zan zama wajen ci?"

"Ke ce babba."

Tun daga ranar, in Malam Barau ya jawo kujerarsa bayan sallar Juma'a, sai ya ga ƙaguwa guda a gaba, 'yan ratsi a baya, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, tana tsayawa a kowane dutse. Bai taɓa sanin dalili ba. Ita kuwa, in an kai gindin dutse, abin da ke isowa gare ta bai wuce gashin bakin jatan lande ba. Takan tsotse shi tana zagin Nomau a ciki, sannan ta fara tunanin labarin da za ta bayar mako mai zuwa.

Ƙurunƙus kan jatan lande, wanda ko shi Ƙaguwa ba ta samu ba. Darasi kuwa, duk wanda zai saci rigar babba, ya fara tambaya ko a gidan babba ke fara ci. A tashi a wanke hannu, kuma ƙarami ne zai fara.