Ƙayar Da Iya Tata Ta Hana A Taɓa

Akwai wata tsohuwa a Matameye, ana ce mata Iya Tata. Ita ce uwar babban gida. Babu jikanta da bai yi barci a bayanta ba, kuma ba a tambayar mai shan furarta daga ina ya fito. Faɗanta ɗaya ne a duniya: wani lungu a bayan ɗakinta da ta kewaye da ƙayar aduwa. Yaro ya doshi wurin, sai ka ji muryar da ba ka san tana da ita ba.

Kowace bazara takan tara 'ya'yanta maza ta ce, "Ku kawo ƙasa ku cike mini wurin nan, tsohuwar rijiya ce a ƙarƙashi."

Su ce, "To Iya, bayan girbi." Girbi ya wuce, su ce sai rani. A haka ta koma ga Allah. Ku riƙe wannan da kyau, domin laifin ba na mutum ɗaya ba ne.

Da addu'ar arba'in ta matso, jikanta Zainulabidin ya iso daga Yamai da matarsa da ƙaramar 'yarsu Zuhra. A hannun Iya ya tashi, kuma yana sonta da gaske. Ya ce sai an yi taron da garin zai daɗe yana zancensa. Da ya ga wurin girki ya yi kaɗan, sai ya ɗauki sanda ya nufi ƙayar.

Gwaggonsa Badariyya ta tare shi. "Zainu, bar ƙayar nan. Iya ta ce rijiya ce."

"Gwaggo, ke kin taɓa ganin rijiyar?"

"Tun ba a haife ni ba aka rufe ta da azara."

Ya ture ƙayar, ya tsaya a tsakiya ya yi tsalle. "To ga ni, ban nutse ba! Allah ya jiƙan Iya, amma tsufa ya taɓa ta. Wannan ai camfi ne."

A gaban jama'a ya faɗa, kuma wasu suka yi dariya.

Damina ce, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Ran addu'a da hantsi aka kafa murhu a lungun, aka ɗora manyan tukwane, ana ta zubar da ruwan wankin shinkafa a wurin. Zainulabidin yana ƙofar gida cikin malamai sai ya ji wata ƙara kamar katanga ta faɗi. Bayanta kuma salati.

Ya shiga a guje. Inda murhu yake babu murhu, sai baƙin rami yana fitar da ƙura. Matarsa tana durƙushe, mata sun rirriƙe ta, suna ɗaya take kira: "Zuhra! Zuhra!"

Ya ja jiki ya nufi bakin ramin, ƙasa ta soma zubewa ƙarƙashin tafin hannunsa.

Kawunsa Garba, ɗaya daga cikin 'ya'yan Iya, ya daka tsawa: "Kowa ya ja da baya! Za ku rufe ta da rai!"

Gidan ya yi tsit. Can ƙasa aka ji 'yar murya: "Baba, duhu."

Aka ciro ƙyauren ɗakin Iya aka shimfiɗa a bakin ramin, aka ɗaura wa Zainulabidin igiyar guga a ƙugu, maza suka riƙe. Yana sauka ƙasa tana zubo masa a ka, numfashi yana ƙwace masa. Da idonsa ya saba da duhun, ya hango ta. Wata ruɓaɓɓiyar azara ce ta gitta ta tare ta. Ƙarƙashinta babu abin da yake gani, sai ƙarar ɓurɓushi yana faɗawa cikin ruwa, nesa.

"Kada ki motsa, uwata. Ki dube ni kawai."

"Hannuna yana ciwo."

Ya miƙa hannu, igiya ta ƙare. Ya yi kira a ƙara, suka ce babu saura. Sai ya juya kansa ƙasa, ya damƙi wuyan rigarta. Yana ɗaga ta azarar ta karye ta wuce.

An fito da su, yarinya da karaya a hannu, aka ruga da ita likita.

Da la'asar wata tsohuwa mai suna Shekara, ƙawar Iya tun suna amare, ta sa aka kira shi gaban dangi.

"Kai ne ka ce camfi? Ɗan farin Iya ne ya faɗa rijiyar nan yana rarrafe. Gawarsa aka ciro. Ka san ɗan fari ba a kama sunansa, kuma alkunya ta hana ta yi masa kuka a gaban mutane. Ta haɗiye. Ƙayar nan ita ce kukanta."

Garba da 'yan'uwansa suka sunkuyar da kai.

Shekara ta ce, "Kuka ba ya cike rami. A gaban jama'a ka ɓata Iya, a gaban jama'a za ka wanke ta. Ku kuma, girbi nawa ya wuce?"

Kafin malamai su watse ya tsaya a ƙofar gida ya faɗi abin da ya ce da abin da ya faru, bai rage komai ba. Da safe amalanken shanu ya fara kawo ƙasa, kuma shi ne ya karɓi shebur.

Darasi: Idan babba ya hana ka abu bai faɗi dalili ba, tambaya ake yi, ba dariya ba. Kuma "bayan girbi" ba amsa ba ce ga uwar da ta roƙi abu. Duk mai tsohuwar rijiya a gidansa ya cike ta a makon nan, ba baɗi ba. Wanda ya taɓa kiran gargaɗin tsohuwarsa ruɗewa, ya je ya nemi gafara tun tana ji. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu gyaran tsofaffin gidaje.