Dunduniyar da Ta Taka Gicciyen Kufai

An yi wani mutum ɗan Maraɗi, gwanin haƙa rijiya, da neman abinci ya kai shi Dubai. A Sonapur yake kwana, masaukin leburori, su takwas a ɗaki. Wani ɗan garinsu, Halliru, ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki a wani tsibiri, inda masu binciken tarihi ke tone wani kufai. Bizarsa a hannun kamfani take, ga bakuna tara a gida sun dogara da ita.

Kufan nan, ya 'yan uwa, mazaunin ruhubanawan Kirista ne, masu barin duniya don bauta. Ya haura shekara dubu. Akwai coci, da ɗakunan kaɗaita, da madafa. Musulunci ya zo ya tarar da su. Musulmin farko sun yi ta wucewa ta nan a jiragen ruwa, ba wanda ya cire musu tubali. Da wa'adi ya cika suka watse, yashi ya rufe.

Mutuminmu bai san wannan ba. Kaset uku na wa'azi ya saurara, ya zama malami.

Wata rana da hantsi buroshinsa ya tono wani allon farar ƙasa mai zanen gicciye. Ya jira aka tafi cin abinci, ya sa dunduniya ya murƙushe. Halliru ya dawo ya iske shi yana tura yashi.

"Kai ɗan uwa, me ka yi?"

"Gunki na fasa. Khalas, shi ke nan."

"Ya ce maka kanzil? Amana aka ba ka, ba fatawa ba."

Su kuwa masu binciken nan ba sa barin rami sai sun ɗauki hotonsa. A hoton hantsi ga gicciye ya leƙo. A na azahar sai garin allon da sawun takalminsa.

Aka soke bizarsa. Kamfani ya sallami Halliru da duk wanda ya kawo, su bakwai a jirgi ɗaya. Yau a Maraɗi ba mai ba mutuminmu aikin rijiya. Wa zai saka mutum a rami in sai an tsaya a kansa?

Ya 'yan uwa, ya fi magabata kishin addini ne? Jahilci in ya sa rawani, cin amana sai ya zama ibada a idon mai shi.

Allah ya kiyaye mu da himma marar sani, ya sa mu mayar da amana yadda aka ba mu. Amin.