Yayen Sumayya

Akwai wata malamar firamare a Dukawuya, Nana Hauwa, wadda aurenta da Muttaka tela ya mutu bayan shekara uku. Ba wani tashin hankali aka yi ba. Zama ya ƙi, ya ba ta takarda, ta gama idda, ta koma gidansu da 'yarsu Sumayya a goye.

Da yarinyar ta isa yaye, sai ga aike daga Yakasai. Hajiya 'Yardada, mahaifiyar Muttaka, ta ce a kawo mata jikarta, kamar yadda aka saba kai yaro gidan kaka har ya manta nono. Sati biyu aka ce.

Nana Hauwa ta haɗa kaya, har da garin kunu da zanin goyo, ta kai ta da kanta.

Sati biyu ya cika, ta je ɗauka. Hajiya ta ce ba ta gama mantawa ba, a ƙara sati. Aka ƙara. Da ta sake komawa, sai Hajiya ta haɗe rai.

"Ke Nana, wai ba kya jin kunya ne? 'Yar fari ce fa. Mu a zamaninmu ko sunan ɗan fari ba ma faɗa, ke kin zo kina mana sintiri."

"Hajiya, ai ni ma ban faɗi sunanta ba. Yarinyar kawai na zo ɗauka."

"To ki tambayi ubanta."

Ta kira Muttaka a waya. Ko sallamarta bai gama amsawa ba ya ce, "An yaye ta, me kuma ya rage ki yi mata? 'Yata ce, tana gidanmu. Magana ta ƙare."

Nana Hauwa ba mai hayaniya ba ce. Ta tura Baffa Haruna, ƙanin mahaifinta, aka ba shi ruwa da haƙuri ya dawo. Ta je wurin mai unguwa. Sau biyu ana kiran Muttaka yana cewa ɗinki ya yi masa yawa. A na uku ya zo, ya maimaita maganarsa, ya karkaɗe riga ya tafi. Da wata biyu ya wuce a haka, sai ta shigar da ƙara a kotun shari'a, aka sa musu rana.

Ana cikin jiran ranar, sai Sadiya, ƙanwar Muttaka da ke aure a Ƙofar Dawanau, ta kira ta.

"Anti Nana, don Allah ki zo. Yarinyar nan tana wurina, kwana biyu ke nan ta ƙi cin abinci."

"Wurinki? Me ya kai ta wurinki?"

"Ciwon gwiwar Hajiya ne ya tashi, ba ta iya bin ta. Shi ne ta aiko min ita, ga nawa uku."

"Yayanki ya sani?"

"Hajiya ta ce kada a tayar masa da hankali. Shi kuma bai tambaya ba."

Nana Hauwa ta ajiye wayar. An hana uwa 'yarta wata biyu, don a kai ta inda ake neman mai taya reno!

Ta je ta sami Sumayya ta rame, ga zazzaɓi. Ranar zuciyarta ta ce ta goya ta su wuce gida. Amma ta san Sadiya za a ɗora wa laifi, ita kuma a ce sace yarinya ta yi alhali magana tana kotu. Sai ta daure. Kullum in an tashi daga makaranta ta hau adaidaita ta je, ta yi mata wanka, ta ba ta kunu da magani, ta jira ta yi barcin rana, sannan ta sulale ta fito.

Ranar kotu Muttaka ya zo da babbar riga ɗinkin hannunsa. Ya yi bayani mai tsawo, cewa malama tana wuni a makaranta, shi kuwa 'yarsa tana hannun mahaifiyarsa cikin gata.

Alƙali ya ce, "Yaushe rabonka da yarinyar?"

"Allah ya gafarta Malam, kullum sai na leƙa na gai da Hajiya."

"Ba Hajiya na tambaye ka ba. Yanzu yarinyar tana ina?"

"Tana Yakasai mana."

Alƙali ya juya ga Nana Hauwa. Ta ce, "Tana Ƙofar Dawanau yau kusan sati uku. Ƙanwarsa tana waje da ita."

Aka shigo da Sadiya. Sumayya na hango uwarta ta fara zillo tana miƙa hannu. Muttaka ya juya ya dubi ƙanwarsa.

Alƙali ya ce reno haƙƙin uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, yaye kuma ba ya kawar da shi. Ci da sutura da magani suna kan uba, kuma kada a hana shi ganin 'yarsa.

A bakin kotu Muttaka ya matso yana kiran Sumayya murya ƙasa-ƙasa, ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Yarinyar ta ƙanƙame wuyan uwarta ta fasa kuka.

Nana Hauwa ta gyara mata hula ta ce, "Ka riƙa zuwa gida, za ta saba. Ƙyuya take yi wa baƙi."

Darasi: In aure ya mutu, yaro ba kaya ba ne da za a ƙwace don a nuna wa juna iko. Kada a fake da al'ada a raba uwa da ɗanta, kuma mai cewa "'yata ce" ya fara sanin inda take da abin da ta ci. Ku tura wa iyaye da kakanni, domin da yawa a gidajensu ake yin wannan.