Wanda Ya Faɗa wa Baba Julius Ƙarshen Dambe

Akwai wani dattijo a Samaru ta Zariya da ake kira Malam Julius. Hedimastan firamare ne da ya yi ritaya, irin malaman da, waɗanda in sun doso layi yara ke gyara wuyan riga. Abin nan ya faru ne wajen shekarar 2004, kuma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Bayan rasuwar matarsa, tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya fara da manta inda ya ajiye tabarau, ya koma manta hanyar coci, daga ƙarshe ya manta 'ya'yansa. Babbar 'yarsa Lucia ce ke jinyarsa. Sai ta kawo masa tuwo ya ɗago ya ce, "Na gode, baiwar Allah. 'Yar gidan wa ce ke?"

Abu ɗaya ne ciwon bai iya ƙwace masa ba, shi ne son damben boksin. Tun yana saurayi yake bin sa a rediyo, daga baya a talabijin.

A Sabon Gari akwai gidan kallon wani tsohon ɗalibinsa mai suna Amaechi, haifaffen unguwar, wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram. Rumfar kwano ce da bencina, sai talabijin da bidiyo da ɗan janareta. Duk ranar Lahadi bayan an tashi daga coci yakan sa wa manya kaset na tsofaffin damben duniya.

Wata Lahadi Lucia za ta shiga kasuwa, ta rasa wanda za ta bar wa Baba, sai ta ajiye shi wurin Amaechi. Da ta dawo ta tarar da tsohon a tsaye, ya dunƙule hannu, gumi na zuba. Yana ganinta ya ce, "Lucia, zo ki ga abin da yaron nan ya yi."

Lucia ta saki ledar kayan miya a ƙasa. Rabon da ya kira sunanta har ta manta.

Damben da aka sa ran nan tsoho ne ƙwarai, hoton ya koɗe, ƙasan allon na rawa. Ƙarti biyu ne, ɗaya da farin wando, ɗaya da baƙi. Tun daga farko mai farin wando ke shan duka, idonsa ya kumbura, ƙafarsa na lanƙwashewa. Sai a zagaye na ƙarshe ya saki wani naushi guda, mai baƙin wando ya zube bai tashi ba.

Tun daga ranar, duk Lahadi Lucia ke kai shi a sa masa damben nan. Baba Julius bai san kaset ne ba. A wurinsa yanzu ake yi, kuma duk mako sabo ne. Kullum bayan mai farin wando yake, kullum zuciyarsa na dukan uku-uku, kuma in naushin nan ya sauka sai hankalinsa ya dawo kamar an kawo wuta. Daga nan har faɗuwar rana ya san 'yarsa, ya san gidansa, har ya tambayi labarin ɗansa. Litinin da safe kuma komai ya tafi.

Daga nan gidan kallon Amaechi ya samu doka ɗaya: ba a faɗin ƙarshe. Kafin Baba ya iso, Amaechi ya mayar da kaset farko, ya rufe bidiyon da tsumma. Mutanen da suka haddace damben nan kamar karatu sai su zauna su yi kamar ba su taɓa gani ba. Wani tela mai suna Adebayo shi ya ɗauki nauyin zama ɗan adawa. Yakan ce, "Baba Hedimasta, yau kam mutuminka ya gama yawo."

Baba ya ce, "Kai dai zauna ka gani."

Babu wanda aka roƙa, babu wanda aka biya. Haka kawai suka ga ya dace.

To, Baba yana da ɗa namiji, ƙanen Lucia, sunansa Kingsley. Banki yake aiki a Legas, ya daɗe bai leƙo gida ba, sai aike. A shekarar nan ya zo da yarinyar da zai aura, Peculiar, don Baba ya gan ta ya sa musu albarka. Abin da ya kawo shi ke nan, kuma abin da yake so ke nan fiye da komai: ubansa ya dube shi ya kira sunansa.

Ranar Asabar suka iso. Kingsley ya durƙusa ya gaida uban. Baba ya dube shi, ya dubi Lucia, ya ce, "Baƙi muka yi? A ba su ruwa."

Kingsley ya ja Lucia waje, idonsa jawur.

"Yaya, haka kika bari ya lalace? Me kike yi da abin da nake aikowa?"

Lucia ta haɗiye maganar, don in ta biye masa ba za a kwashe lafiya ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri zuwa gobe. Za mu kai shi kallon dambe. Ana gamawa zai gane ka, ka gabatar masa da ita a nan take. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka ce masa kaset ne, kada ka faɗi wanda zai ci."

Kingsley ya yi tsaki. "Wasan yara ke nan kuke yi da shi. Mutumin da ya koyar da rabin garin nan."

"Wasan yaran ne ke dawo mini da ubana sau ɗaya a mako. Kai dai ka yi shiru."

Jama'a, me ya fi wannan sauƙi? Ba a ce ya ɗauki kaya ba, ba a ce ya kwana asibiti ba. Bakinsa kawai aka ce ya kama.

Washegari bayan coci suka shiga motar Kingsley, suka bi ta Kwangila suka gangara Sabon Gari. Tun daga bakin rumfar ya fara yatsina. Ya dubi bencin, ya zaro hankici ya shimfiɗa kafin ya zauna. Ya ciro wayar salula daga ƙugu ya ɗora a cinya yadda kowa zai gani, don a lokacin ba kowa ke da ita ba. Amaechi ya miƙa masa hannu, ya ba shi kan yatsu.

Aka sa Baba a kujerarsa ta gaba, aka tada janareta, dambe ya fara.

Ba a jima ba tsohon ya fara motsi. Yana kaucewa in an kawo naushi, yana cewa, "Rufe fuska, yaro, rufe fuska." Adebayo na tsokanarsa, mutane na taya shi. Peculiar ma ta shiga ciki, tana dariya tana tafi.

Shi kuwa Kingsley dariyar nan ce ta tsaya masa a wuya. Gani yake ubansa ake wa dariya, a gaban matar da zai aura, a cikin teloli da makanikai da 'yan acaɓa. Ana cikin haka aka kai mai farin wando jikin igiya ana jibgarsa. Baba ya miƙe, hularsa ta faɗi, yawu ya ɗan zubo masa a haɓa, ya ɗaga hannu biyu sama yana cewa, "Ya Ubangiji, ka tsayar da ƙafar yaron nan."

Lucia ta ga ƙanenta zai tashi, ta riƙe masa riga. Ta ce a hankali, "Saura kaɗan. Don girman Allah, saura kaɗan."

Ya fizge. Ya taka zuwa gaba, ya yaye tsumman da ke kan bidiyon, ya danna, kaset ya fito. Allon ya koma shuɗi.

"Baba, zauna, ka daina ba mu kunya. Kaset ne, ga shi. Tun kafin a haife ni aka yi damben nan. Mai farin wando ne zai ci a zagaye na ƙarshe, ka gani ya fi sau ɗari. Duk mutanen nan sun sani. Wasa suke da hankalinka."



Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a daidai lokacin hankalin tsohon ya riga ya fara dawowa. Da a ce safiyar Litinin ce, da maganar ta bi iska. Amma ya ji, kuma ya gane sarai.

Ya sauke hannunsa a hankali. Ya dubi kaset ɗin, ya juyo ya bi mutanen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan telan.

"Adebayo, gaskiya ne? Ka san wanda zai ci?"

Adebayo ya sunkuyar da kai.

Baba ya goge haɓarsa da bakin riga. Ya ce, "Ashe abin da na zama ke nan." Ya duƙa da kansa ya ɗauki hularsa. "Lucia, kai ni gida."

Amaechi ya tsallake benci ya ci kwalar Kingsley, sai da mutum uku suka riƙe shi. Amaechi ya ce, "Kai wane ne? Ina kake lokacin da yake fita tsakar titi bai san sunansa ba? Mutumin nan shi ya koya mini riƙe fensir. Mu ne za mu yi masa dariya? Fita mini daga rumfa kafin in yi abin da zan yi nadama."

Kingsley ya gyara kwala ya ce, "Gaskiya na faɗa masa. Laifi ne?"

Lucia ba ta ɗaga murya ba, amma gara a ce zaginsa ta yi. Ta ce, "Gaskiyarka ta yi kyau. Sai ka je ka karɓi albarkar da ita."

Da suka kai gida, Peculiar ta ce wa Kingsley, "Ni ban ji kunyar Baba ba ko kaɗan. Kai na ji wa kunya."

Kingsley ya kwantar da hankalinsa da cewa gobe tsohon zai manta, tunda komai mantawa yake. Kuma haka aka yi, Litinin Baba bai san an yi wani kaset ba.

Amma da Lahadi ta zagayo, Lucia ta ɗauko masa riga ta ce za su kallon dambe, sai ya ƙanƙame hannun kujera. Ya ce, "Ba na zuwa inda ake mini dariya." Ta tambaye shi wa ya yi masa dariya, ya ce bai sani ba, amma ba ya zuwa.

Amaechi ya ɗauko bidiyon a kan babur ya kawo har Samaru, Adebayo ya rufe shago ya biyo shi. Suna kunnawa Baba ya juya fuskarsa bango. Kingsley ya ƙara hutu, ya shiga kasuwa ya sayo sabuwar na'urar faifai da damben duniya kala-kala, ya jera a gabansa. Baba bai ko kalle su ba.

Shi ke nan Lahadin Lucia ta tafi. Yinin nan guda da take samun uba a mako, ƙanenta ya zo daga Legas ya kashe shi da bakinsa.

Sai kuma wani abu ya bayyana wanda ba wanda ya zata. Mutumin da ba ya riƙe fuskar kowa, fuskar Kingsley ta zauna masa. Duk lokacin da ya shigo ɗaki, Baba sai ya haɗe rai ya ce, "Ga mutumin nan kuma. Wa ya bar shi ya shigo?"

Ranar da zai koma Legas, Kingsley ya shiga sallama. Babu waya a ƙugu, babu hankici. Ya zube a kan siminti ya kama ƙafar uban yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba, ni ne Kingsley. Ɗanka ne. Ka yafe mini, ka sa mini albarka."

Jin sunan, fuskar tsohon ta saki. Ya yi murmushi, ya dubi ƙofa.

"Kingsley? Ina da ɗa mai wannan suna. Yana Legas. Yaro ne mai hankali, a kan cinyata yake zama muna jin dambe a rediyo."

"Ni ne, Baba. Dube ni."

Baba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Murmushin ya gushe. Ya janye ƙafarsa.

"A'a. Kai ne wanda ya tozarta ni a gaban mutane. Ɗana ba zai yi mini haka ba." Ya juya wurin Lucia. "Baiwar Allah, ki fitar da shi. In Kingsley ya zo, ki ce ina nemansa."

Baba Julius ya ƙara 'yan watanni a duniya. Kingsley ya yi ta zuwa, kusan duk ƙarshen wata yana hanya. Har tsohon ya cika yana tambayar yaushe ɗansa zai zo, alhali ɗan na zaune a bakin ƙofa, an hana shi matsowa don kada ran Baba ya ɓaci.

Darasi: Ba kowace gaskiya ce ake faɗa don Allah ba, wata don girman kai ake faɗinta. In ka tarar mutane suna lallaɓa wani rauni da kai ba ka zauna ka yi jinyarsa ba, ka kama bakinka ka tambaya tukuna. Kuma kada ka taɓa jin kunyar iyayenka don tsufa ya canja su, domin tsoho yana iya manta sunanka amma ya riƙe zafin da ka sa masa. Ka tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ko wani zai gyara tun da sauran lokaci.