Dattijon da Yake Rufe Bakin Mutane da Addu'a

An taɓa yin wani mutum, kafinta ne, kuma dattijo a ikilisiyarsu. Shi ya yi rufin ɗakin da yara suke karatun Lahadi, da hannunsa, kyauta. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya fashin sujada. To, ina zunubin nasa? Ya 'yan uwa, a kunne yake.

Mutumin nan ba ya barin ka kai ƙarshen magana. Da ka ce, "Baba, ina da damuwa," sai ya kama hannunka, ya rufe ido, ya ce, "Mu yi addu'a." Wa zai ƙi addu'a? Sai ka haɗiye sauran zancen, ka ce amin, ka koma da kayanka yadda ka zo da su. Har mata suka sa masa suna Mu-yi-addu'a, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Akwai wata tsohuwa mai share ɗakin yaran kowace Asabar. Wata rana ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Baba, kullum in na sunkuya shara…" Ya san tana fama da ciwon baya. Nan take ya ɗora mata hannu, ya zuba wa bayan nan addu'a mai tsawo, mai daɗin ji. Tsohuwa ta ce amin. Sau uku ana haka.

Abin da take son faɗa shi ne, kullum in ta sunkuya shara tana tarar da garin katako a ƙasa, daidai ƙarƙashin babban katakon da ya riƙe rufin, kuma garin ƙaruwa yake yi. Ko kafintan da ya fara aiki jiya ya san ƙwaro ne ya cinye cikin katakon, saura ɓawo.

Da ta gaji, ta je wurin matarsa, wadda take koyar da yaran. Matar ta ajiye wanki, ta saurara har ƙarshe. Ta gwada gaya wa mijin, ita ma ta sha addu'a. Ran Lahadi ba ta nemi shawarar kowa ba, ta kwashe yaran zuwa gindin bishiya.

Dattijon yana gaban jama'a a coci yana ba da sanarwa aka ji ƙara kamar tsawa. Ya fita da gudu. Rufinsa ya zauna a kan bencin yara, jikarsa kuwa a bencin gaba take zama. Ya shiga ɗaga kwanon rufin yana kiranta, kwano yana yankarsa bai sani ba. Sai ya ji murya a bayansa: "Kaka, ga mu nan."

Ya juya. Ga yaran nan tsaye, babu wanda ko ƙwarzane ya samu. Ya zauna cikin ƙura ya yi kuka, kukan da daɗi ya fi yawa a ciki.

Bai tsira da komai nasa ba. Aka sauke shi daga muƙamin dattijo, babu wanda ya ƙara ba shi aikin rufi, shagonsa ya mutu. Amma in ka tambaye shi, cewa yake yi Ubangiji ya yi masa da sauƙi, tunda bai binne ɗan kowa ba.

Mako guda bayan faɗuwar rufin ya je gidan tsohuwar, ya zauna a tabarma, ya yi shiru. Ta fara magana, ta tsaya, ta dube shi. "Baba, yau ba za mu yi addu'a ba?"

Ya ce, "Ki gama tukuna, Mama."

Ya 'yan uwa, addu'a ba murfin bakin ɗan'uwanka ba ce. Ubangijin da kake roƙo yakan bari ka gama. Kai wane ne da za ka katse wanda Ubangijin ya aiko maka? Sauraro ibada ne, kuma koyonsa ake yi: ka rufe bakinka har mai magana ya ajiye numfashi, sa'an nan ka san abin da za ka roƙa.

Allah ya kiyaye mu daga toshewar kunne, ya ba mu haƙurin ji har ƙarshe. Cikin sunan Yesu, amin.