Dalilin da Ya Sa Tsuntsuwa Mai Kwaikwayo Ba Ta da Suna

Dalilin da ya sa tsuntsuwar nan mai kwaikwayon muryoyi ba ta da suna ba ta da dangi, shi zan gaya muku, yara, kuma ba na son surutu. Ku kuna kiranta ɓarauniyar waƙa. Masana tsuntsaye ma ba su fi ku adalci ba. Wata 'yar'uwarta da ke ƙasashen ƙetare, sunan da suka laƙaba mata da tsohon harshensu ma'anarsa mai kwaikwayo mai baki da yawa, suka kai ta wannan dangi, suka mai da ta wancan. Wannan suna ne ko gori? Ba wanda ya tambayi yadda aka yi.

A da can, akwai wata mata, Barira, da 'yarta ta fari. Kun san al'ada: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, saboda kunya. Tun ranar suna Barira ba ta taɓa furta shi ba, sai dai "Ke!" ko "'Yar nan."

Wata rana mata suka tafi kurmi itace, har da Barira da 'yarta, da Iya Tabawa, uwar mijin Barira. Rana ta take tsaka, lokacin da ba a raɓar tsamiya. Yarinyar ta hangi busasshen reshe, ta shiga inuwar wata tsohuwar tsamiya. Barira na kallo. Ga gammon yarinyar a ƙasa, ita babu.

Kurmi ya yi tsit, ko ƙuda ba ya motsi. Sai murya ta fito daga cikin itacen, a hankali, kamar ta tsohuwa marar haƙori.

"Ni ba na riƙe abin da ke da mai shi. Wadda ta haife ta ta kira ta da sunan yanka, in sake ta. Amma kafin inuwata ta taɓa ƙafar uwar."

Barira ta ce, "Ke! 'Yar nan! Fito!"

"Ke! 'Yar nan!" in ji tsamiya, da muryar Barira sak. "Kowace yarinya 'yar nan ce."

Sunan yana kan harshen Barira, yana da zafi kamar garwashi. Ta waiwaya. Mata sun yi cirko-cirko, kowace ta zuba mata ido, a ga ko za ta yi abin faɗi. Ta dubi uwar mijinta.

"Iya..."

Iya Tabawa ta gyara zani, ta sunkuyar da kai. "To, mu dai ba mu taso mun ji ana yi ba."

Wata daga baya ta ce, "Gwada laƙabi mana, ko a dace."

Barira ta gwada. Ta kira ta Ta-gida, ta kira ta 'Yar-lele. Inuwa na ta rarrafowa a kan busassun ganye, ba iska, ba ƙara. Da Barira ta ji sanyin inuwar ya hau yatsun ƙafarta, sai ta watsar da kunya, ta buɗe baki iyakar ƙarfinta.

Babu sunan. An ɗauke shi.

"Iya, yaya sunanta? Don Allah, yaya sunanta?"

Iya Tabawa ta lalubi sunan. Ita ma babu. Aka koma gari aka tambayi uban, aka tambayi limamin da ya raɗa, aka tambayi maroƙin da ya sanar. Kowa ya tuna ragon, ba wanda ya tuna sunan.

Da Barira ta koma gindin tsamiyar, wata 'yar tsuntsuwa ta leƙo daga kogo, ta dube ta da ido irin na mutane, ta ce, "Ke! 'Yar nan!"

Tsuntsuwar ta je neman dangi. Ta je gun kurciyoyi, ta yi kukansu. Suka ce, "Muryar tamu ce, amma 'yar gidan wa ce ke? Yaya sunanki?" Suka kore ta. Haka kanari, haka marai, haka jambaki. Barira kuwa ta ƙare kwanakinta tana bin ta kurmi-kurmi, tana jero sunayen mata, ko za ta faɗa kan na gaskiya. Ba ta faɗa ba.

Yanzu ku gaya mini, wa ya yi sata a nan? Wadda aka raba da sunanta, ko waɗanda suka tsaya kallo, magana ɗaya ta "faɗi mana" ta gagare su? Ni ban yarda a kira ta ɓarauniya ba. A janye wannan gori daga bakinku da littattafan masana, a nemi gafararta.

Shi ya sa har yau take ɗaukar duk muryar da ta ji, ta tsuntsu da ta mutum, tana jujjuya ta, ko sunanta na ciki. Ku saurara da kyau in tana yi. Tsakanin murya da murya takan tsaya, ta karkata kai, ta yi shiru kaɗan. Jira take uwarta ta kira ta.