Akwatin Wutar da Na Bayar Ban Yi Niyya Ba

Ban taɓa ganin mutumin da duniya ta zalunta irina ba. Kwamfutata ta mutu, abokaina sun ƙaurace wa falona, kuma dangin matata sai sa mini albarka suke yi, wanda shi ya fi komai yi mini ciwo. Da akwai kotun da ake kai ƙarar mutum don ya gode maka, da tuni ƙanin matata yana tsare.

Ni ne ake kira Sarkin Tuƙi. Ba ni na raɗa wa kaina ba, ko da yake a bakina aka fara ji. Duk Asabar da yamma tela da mai kemis da sauran abokai sukan taru a falona mu yi wasan tseren mota a kwamfuta, in lallasa su, su tafi suna cewa kujerata ce ta fi tasu daɗi. Aibina ɗaya ne, in ma aibi ne: ba na son ganin abu mai kyau a hannun wanda ya kamata ya zo ya gan shi a wurina.

Ana nan sai Auta, ƙanin matata, wanda ni na koya masa kunna kwamfuta, ya sayo kayan haɗa tasa, ya jibge mini su a falo. Ya ce, "Yaya, kai ne gwani, ka haɗa mini." Na ce ai ba komai. Gidan kwamfutar na gilashi ne, kana ganin hanjinta. Abin da ya fi tsone mini ido shi ne akwatin wuta, wato wanda ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa kayan ciki. Nasa sabo fil, da fanka mai canza launi, an rubuta ƙarfin wutarsa, wat ɗari takwas, a jikinsa da manyan baƙaƙe. Nawa kuwa baƙi ne, mai nauyi kamar bulo, rubutunsa ma ya goge.

Na zauna na yi tunani irin na manya. Yaron da gemunsa bai gama haɗuwa ba, me zai yi da wat ɗari takwas? Sai na ɗauko sukudireba na yi adalci: na kwance tsohona na cusa a tasa, can ƙasa inda murfi ya rufe, na ɗaura sabon a tawa.

Da ya zo ɗauka sai na ƙara masa da shawara. Na ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamfani kan ɗaure mata ƙafa ne don kada ta gaji, amma mai ilimi yakan shiga saiti ya ƙara mata gudu. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, duk gudun da ka ƙara, wuta take ƙara ja. Lissafina, tsohon akwatin zai kasa, kwamfutar ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar tsere, jama'a su dawo inda suka saba.

Ranar Asabar muka je ɗakinsa ganin sabuwar kwamfuta. Na zaɓi kujera kusa da ƙofa, na shirya fuskar jaje. Auta ya ƙara mata gudun kamar yadda na ce, amma kwamfutar nan ta yi ta gudu har magariba, ko tari ba ta yi ba. Mai kemis, wanda shayina ya sa ya yi tumbi, ya ce bai taɓa ganin mota ta sha kwana sumul haka ba. Tela kuwa ya dube ni ya ce, "Sarki, ashe dai ba kujera ba ce." Aka yi dariya. Ni ma na yi, da haƙora kawai.

Na ce to, in tsohon akwati ya iya wannan, sabon fa? Na gayyace su falona Asabar ta gaba. Kafin su zo na shiga saiti na tura gudun har inda lamba ta ƙare, na ƙara mata wuta a kai. Matata ta leƙo ta ce fankar nan kukanta ya canza. Na ce mata ƙarfi ne yake magana.

Da suka zo aka fara tsere, mun shiga zagaye na biyu, ina gaba, har na fara yi wa tela waƙa, sai muka ji fat, kamar an fasa leda. Allo ya yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya fito ta baya, falo ya cika da warin ƙonannar roba. Akwatin bai tafi shi kaɗai ba, ya ja furosesa da babban allon cikin kwamfutar da take zaune a kai.

Auta ya durƙusa ya leƙa, ya ga fanka mai launi, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun ranar farko ya gane na musanya, don da ya ɗaga kwamfutarsa ya ji ta yi nauyi. Wai nasa ɗin kyauta mai shago ya ɗora masa, ya kuma gargaɗe shi cewa lambar jikinsa ado ce, kada ya kuskura ya matsa masa.

Ya ce, "Yaya, na san ka gane na bogi ne, shi ya sa ka ba ni naka mai kyau ba ka faɗa ba. Na gaya wa Mama, har kuka ta yi."

Na buɗe baki in ce ya dawo mini da kayana, sai na ga mai kemis yana girgiza kai yana cewa irina sun yi ƙaranci a zamanin nan. Na rufe bakin. Matata kuwa ta jira sai da suka watse. Tana kwashe kofuna ta ce, "Baban yara, tun da na aure ka ko biro ban ga ka bayar ba. Allah ya ƙara maka wannan hali." Yanzu duk Asabar ina ɗakin Auta ina jiran layi, ina jin akwatina yana aiki lafiya lau a ƙarƙashin teburin wani. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi har na gaji, duk inda na bi sawun sai ya dawo kan sukudirebata.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kafin ka ƙara wa kwamfuta gudu, ka tabbatar akwatin wutarta na gaske ne kuma zai iya ɗaukar nauyin, don rubutun jiki da fanka mai launi ba su ne ƙarfi ba. Sannan hassada takan sa mutum ya raina abin kirkin da ke hannunsa, ya kai wa wanda yake yi wa ƙyashi da kansa. In ka ga na ɗan'uwanka yana ƙyalli, ka taya shi murna, ka bar naka a inda yake.